Southern gospel: wane Kudu ake nufi, kuma wace bishara?

A 'yan watannin nan da wuya mutum ya buɗe wayarsa ranar Lahadi da yamma bai ci karo da guntun bidiyon wasu maza huɗu ba, sanye da kwat iri ɗaya, tsaye kusa da fiyano, ɗayansu yana sauke murya ƙasa har ka ji kamar daga cikin rijiya take fitowa, a ƙarƙashin bidiyon kuma an rubuta Southern gospel. Tun da matasan majami'u suka fara tura wa juna irin waɗannan bidiyoyi a WhatsApp da Facebook, sunan ya shiga bakin kowa, har da waɗanda ba su taɓa zama sun saurari waƙa guda daga farkonta zuwa ƙarshenta ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani shirin rediyo na safiyar Lahadi, inda mai gabatarwa ya sanar da cewa yanzu za a kawo wa masu sauraro Southern gospel, "wato waƙoƙin 'yan'uwanmu na Kudu", sannan ya saki wata waƙar yabo ta harshen Ibo mai ganga da jita. Waƙar tana da daɗi, ba ni da ƙorafi a kanta, amma tsakaninta da abin da ya ambata akwai tekun Atlantika gaba ɗaya.

Kudun da ake nufi ba Onitsha ko Ibadan ba ne, ba kuma nahiyar Kudancin Amurka ba ce inda Brazil da Ajantina suke, kamar yadda wani ya yi ƙoƙarin gyara wa mai gabatarwar ta wayar tarho, ya ƙara dagula lamarin. Jihohin kudu na ƙasar Amurka ne, irin su Tennessee, Georgia, Alabama, Mississippi, Arkansas da Texas, ƙasar auduga da ƙananan majami'un katako na Baptis da Methodis da 'yan Fentikos. Wannan ba ya bukatar dogon bayani. Rabin sunan na biyu ne ya fi damuna, domin yanzu duk waƙar da aka ambaci sunan Yesu a cikinta, ko da sau ɗaya ne a tsakiyar kirarin mota da gidan bene, sai ka ji an ce "gospel" ce, mai yin ta kuma "mawaƙin gospel", alhali muna da kalmarmu da ta fi ta Turanci faɗin gaskiyar abin.

Kalmar gospel ta fito ne daga tsohon Turancin Ingila na fiye da shekara dubu da suka wuce, inda aka haɗa kalmomi biyu, ɗaya mai ma'anar "mai kyau", ɗayar mai ma'anar "labari". Da tafiya ta yi nisa furucin kalmar farko ya gajarce har ta yi kama da sunan Allah a Turanci, sai mutane da yawa suka ɗauka ma'anarta "labarin Allah" ce, kuma har yau akwai masu wa'azin da ke maimaita wannan kuskure a kan bagade. Ita kanta fassara ce ta kalmar Girkanci euangelion, kuma a nan ne abin yake ba ni sha'awa matuƙa. A Girkancin farko kalmar ba labarin take nufi ba, tukuicin da ake ba wanda ya kawo labarin take nufi. A cikin Odyssey, tsohuwar waƙar Homer, jarumin ya dawo gida cikin shigar almajiri bayan shekara ashirin, ya tarar da makiyayin aladunsa bai gane shi ba, sai ya rantse masa cewa maigidan yana nan tafe, ya ce in ya iso a ba shi euangelion ɗinsa, wato riga da mayafi. Duk Bahaushen da ya ji wannan ya san inda aka dosa. Mu ma in yaro ya rugo da gudu ya ce "Albishirinka!", ba ka tambayarsa mene ne, "Goro!" kake cewa, ya ce "Fari ko ja?", ka ce "Fari tas!", sannan ya buɗe baki ya faɗa maka cewa yayarka ta sauka lafiya. Goron albishir shi ne ainihin euangelion na mutanen Girka, ba ragi ba ƙari, kuma ban san wani harshe da ya riƙe wannan tsohuwar ma'ana da rai kamar yadda Hausa ta riƙe ta ba.

Daga tukuici kalmar ta koma kan labarin kansa, musamman labarin nasarar yaƙi ko na sarauta. A garin Priene, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, an sami rubutun dutse na wajen shekara 9 kafin haihuwar Almasihu, wanda ya kira ranar haihuwar Kaisar Augustas mafarin albishir ga duniya. Saboda haka lokacin da Markus ya buɗe littafinsa da wannan kalma, yana cewa ga mafarin bisharar Yesu Almasihu, masu karatunsa sun san kalmar fada ce aka ɗauko aka ɗora wa ɗan masassaƙi. Kalmar Girkancin ta ratsa harsunan Kiristocin gabas, mutanen Habasha suna cewa wangel, Larabawa suna cewa Injil, mu kuma muka haɗiye harafin "al" na Larabci muka ce Linjila, kamar yadda muka yi a littafi da labari da lafiya da lahira. Bishara kuwa da albishir tushensu ɗaya ne a Larabci. Ke nan Hausa tana da kalmomi biyu inda Turanci yake da ɗaya: Linjila sunan littafin ne, bishara saƙon da ke cikinsa ne, shi ya sa muke cewa mai bishara, muke cewa fita bishara, ba ma cewa fita Linjila. Wanda ya ce "waƙar gospel" a tsakiyar zancen Hausa ya ajiye riga mai aiki ya ari tsumma.

Na daɗe a kan goron nan ne da gangan, domin tarihin Southern gospel tarihin bishara ne da goronta tare, kuma duk wanda ya ɓoye ɗaya ya yi wa ɗayan ƙarya. Asalin abin kasuwancin littattafan waƙa ne. Tun farkon ƙarni na 19 Amurkawa suka ƙirƙiro hanyar koya wa talaka karanta waƙa ba tare da dogon karatu ba, ta hanyar ba kowane sauti siffarsa a kan takarda. Da farko siffofi huɗu ne, irin waɗanda ke cikin littafin The Sacred Harp na 1844, sannan a 1846 Jesse Aikin ya fito da tsarin siffofi bakwai, inda do take da kusurwa uku, re take kamar rabin ƙwarya, mi kamar lu'ulu'u, so kamar ƙwai, la kuma mai kusurwa huɗu. Duk wanda ya taɓa zama a kwayar majami'a a Jos ko Kaduna ya ga malamin waƙa yana rubuta d, r, m a allo da alli zai gane dabarar, sai dai namu tsarin haruffa ne da ya zo daga Ingila, nasu kuwa zane ne. Malaman waƙa sukan bi ƙauyuka lokacin da aikin gona ya yi sauƙi, su buɗe makarantar kwana goma ko mako biyu a cikin majami'a ko ajin firamare, manoma da matansu da 'ya'yansu su zo su koya. Bayan haka sai a riƙa haɗuwa a tarukan waƙa na gunduma, a wuni ana rerawa, a shimfiɗa abinci a filin majami'a a ci tare. Irin waɗannan taruka kullum suna bukatar sababbin waƙoƙi, sababbin waƙoƙi kuwa sai sabon littafi, littafi kuma sai an saya.

A nan ne James D. Vaughan ya shigo, wani malamin makaranta kuma mai buga littattafan waƙa a garin Lawrenceburg na jihar Tennessee. A 1910 ya ɗauki maza huɗu aiki da albashi, ya tura su yawon majami'u da tarukan waƙa, su rera abin da ke cikin sabon littafinsa da kyau yadda jama'a za su yi sha'awa, sannan su buɗe akwati su sayar. Cinikinsa ya ninka a shekarar farko, kafin ƙarshen shekarun 1920 kuma yana da ƙungiyoyi irin wannan har goma sha shida a kan hanya. Ya kafa kamfanin faifan garmaho a 1921, ya buɗe tashar rediyo mai suna WOAN a 1922. Wannan shekara ta 1910 ita ce masu wannan waƙa suke ɗauka a matsayin ranar haihuwarta, kuma ya kamata mai karatu ya lura cewa ba ranar wani taron falkaswa ba ce, ranar da aka ɗauki 'yan talla aiki ce. Ni ban ga abin kunya a nan ba, tunda mai albishir yana da haƙƙin goronsa, amma ina jin haushin masu maganar waƙar kamar daga sama ta sauko a cikin kwando. Bayan Vaughan sai tsohon ma'aikacinsa V. O. Stamps ya kafa nasa kamfanin a Texas a 1924, J. R. Baxter ya shigo a 1926, suka zama Stamps-Baxter, wanda daga birnin Dallas ya cika kudu da littattafai masu bangon takarda.

Abin da kunne zai gane wannan waƙa da shi shi ne muryoyi huɗu da suka matsu da juna. Akwai mai jan waƙa a tsakiya, akwai siririyar muryar namiji da ke hawa samansa har wani lokaci ka rantse mace ce, akwai ta uku da ke cike gurbin da ya rage wadda ba kowa ke lura da ita ba sai ta yi shiru, sannan akwai mai babbar murya a ƙasa, wanda shi ne yake sa jama'a tafi. A amshi sau da yawa muryoyin sukan rabu, ɗaya ya faɗi kalma sauran su bi bayansa, su sake haɗuwa a ƙarshen layi, kuma wannan gado ne kai tsaye daga littattafan makarantun ƙauye inda ake so kowane ɓangare ya sami abin yi. Kayan kiɗan asali fiyano ne kaɗai, mai kaɗa shi kuma yana gudu da yatsu irin na gidajen rawa na wancan zamani, abin da ya sa wasu dattawan majami'u suka daɗe suna yi wa waƙar kallon hadarin kaji. Ba maza huɗu kaɗai ba ne, akwai ƙungiyoyin iyali irin su Speer Family da suka fara a 1921, da Chuck Wagon Gang na Texas da wani kamfanin garin fulawa ya ɗauki nauyin shirinsu na rediyo, uba da 'ya'yansa suna waƙar sama suna tallan fulawa a tsakani.

Zamanin da ta fi tashe shi ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin Blackwood Brothers, 'yan Mississippi da suka fara a 1934, da Statesmen na Hovie Lister da aka kafa a Atlanta a 1948. A wannan shekarar ne Wally Fowler ya fara taron kwana ana waƙa a zauren Ryman na Nashville. A watan Yunin 1954 Blackwood Brothers suka ci gasar talbijin ta ƙasa baki ɗaya, kafin watan ya ƙare kuma jirgin samansu ya faɗi a Clanton ta Alabama, R. W. Blackwood da Bill Lyles suka rasu a gaban jama'ar da suka zo sauraronsu. Wanda ya gaji Lyles shi ne J. D. Sumner, mai muryar da ta shiga kundin Guinness saboda zurfinta, kuma yana cikin waɗanda suka kafa babban taron shekara-shekara na National Quartet Convention a Memphis a 1957, taron da yanzu ake yi a Pigeon Forge ta Tennessee. Shahararren mawaƙin Amurka Elvis Presley a cikin tarukan kwana ana waƙa ya tashi yana yaro a Memphis, Blackwood Brothers ne suka yi waƙa a jana'izar mahaifiyarsa a 1958, Sumner da ƙungiyarsa ne suke yi masa amshi daga 1971 har mutuwarsa a 1977, kuma duk kyaututtukan Grammy uku da ya ci a gasa na waƙoƙin bishara ne.

Akwai ruɗani na biyu wanda ya fi na mai rediyon nauyi, kuma masu ilimi ne suka fi faɗawa cikinsa. Da yawa in sun ji Southern gospel sai su hango babbar kwayar baƙaƙen fata sanye da dogayen riguna suna tafi suna rangaji, su ce ai daga kudu bayi suka fito. Waccan wata al'ada ce dabam mai nata tarihin, wadda Thomas A. Dorsey, haifaffen Georgia, ya gina a Chicago, shi da mawaƙa irin su Mahalia Jackson 'yar New Orleans. Dukansu biyu 'yan kudu ne ta haihuwa, amma ba wanda yake sa su a ƙarƙashin wannan suna. Gaskiyar da ba a cika son faɗa ba ita ce kalmar Southern a nan ba alƙibla take nunawa ba, launin fata take nunawa cikin ladabi. Har zuwa shekarun 1960 masu wannan waƙa gospel kawai suke kiranta, ko waƙar 'yan huɗu, 'yan kasuwar faifai kuma in suna so su bambanta sai su ce ta farare da ta baƙaƙe. Daga shekarun 1970 zuwa 1980, da waƙoƙin Kirista na zamani masu jita da ganga suka mamaye kasuwa, sunan gospel kuma ya fi karkata ga baƙaƙe, sai aka laƙaba Southern domin a san wace ake nufi. Hujjar cewa ba maganar taswira ba ce ita ce Bill Gaither, mutumin da ya farfaɗo da wannan waƙa a 1991 sa'ad da ya tara tsofaffin mawaƙanta a kewayen fiyano ya ɗauki bidiyon da ya zama jerin Homecoming, ɗan garin Alexandria ne na jihar Indiana, can arewa.

Waƙoƙin kansu sun riƙa tsallake shingen da mutane ba su iya tsallakewa ba a zamanin dokokin wariya. Dorsey ya rubuta Take My Hand, Precious Lord a 1932 bayan matarsa ta rasu wajen haihuwa, jaririn ma ya bi ta, kuma babu ƙungiyar fararen da ba ta rera ta ba. Haka Peace in the Valley, wadda ya rubuta domin Mahalia Jackson, mawaƙi farar fata Red Foley ya sayar da faifanta birjik a 1951, Elvis ya rera ta a talbijin a 1957. Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Cleavant Derricks, baƙin fasto ɗan Chattanooga, mai waƙar Just a Little Talk with Jesus, wadda har yau kusan ita ce waƙar gwajin duk mai babbar murya. Stamps-Baxter ne suka buga ta a 1937, ladan da aka ba shi kuwa littattafan waƙa hamsin ne, ya sayar da kowanne a kan senti goma. Dala biyar ke nan goron wannan albishir, kuma duk lokacin da na ji an rera ta a babban zaure cike da 'yan kallo masu tikiti, lissafin nan yakan faɗo mini.

Mu Kiristocin da ke sujada da Hausa muna da dangantaka da wannan waƙa, amma ta 'yan maza zar ce, ba ta uwa da ɗa ba. Kakan da muka haɗa shi ne waƙoƙin taron falkaswa na mai wa'azi Dwight Moody da mawaƙinsa Ira Sankey na shekarun 1870, lokacin da Philip Bliss ya buga littafi mai suna Gospel Songs a 1874 ya ba wannan salo sunansa. Irin waɗannan waƙoƙi masu baiti da amshi, da na Fanny Crosby, su ne 'yan mishan suka zo da su, aka fassara da yawansu cikin Littafin Waƙoƙi da muke riƙewa kowace Lahadi, shi ya sa kunnen wanda ya tashi a ECWA ko COCIN ko EYN ba ya jin Southern gospel a matsayin baƙuwa. Sai dai kada a haɗa ta da Jim Reeves, wanda muryarsa ta cika gidajen Najeriya da safiyar Lahadi shekara da shekaru. Shi mawaƙin country ne, wato waƙoƙin karkarar Amurka, da ya yi faifan waƙoƙin ibada, maƙwabci ne na kusa, ba ɗan gida ba.

Ni a gidanmu na fara jin ta, ina ɗan shekara bakwai ko takwas. Mahaifina malamin kwaya ne, kuma wata ma'aikaciyar jinya 'yar mishan da za ta koma ƙasarsu ta bar masa kaset guda uku. Turancinsa bai kai ya bi kowace kalma ba, amma yakan tsayar da rikoda ya mayar baya sau goma yana rubuta d, r, m na kowace murya a bayan tsohuwar kalanda, ranar Alhamis kuma ya kai wa 'yan kwaya. Da na girma na fahimci kalmomin sai na ga kusan dukansu maganar gida suke yi: ƙetare kogi, haɗuwa da uwa da ta riga mu, ƙasar da babu rabuwa, jinin gicciye da ya biya bashin da mutum ba zai iya biya ba. Albert Brumley ya ce yana tsinkar auduga a gonar mahaifinsa a Oklahoma a 1929 ne waƙar I'll Fly Away ta zo masa, aka buga ta a 1932 ana tsakiyar karayar tattalin arzikin Amurka. Masu suka suna cewa wannan waƙar guje wa duniya ce, tana lallashin talaka ya haƙura da zalunci, kuma idan aka dubi yadda mawaƙanta suka yi gum a shekarun gwagwarmayar 'yancin baƙaƙe, ba zan ce sukar ba ta da tushe ba. Duk da haka, mutumin da yake noma gonar wani a raba amfani, ya ƙare shekara da bashi, ya binne 'ya'ya biyu, in ya buɗe baki ya ce akwai gidan da ba mai korarsa, na fi gaskata shi a kan wanda yake yi mini alkawarin biza da kwangila kafin ƙarshen wata da sunan gospel.

Shekara fiye da arba'in ke nan ina sauraronta, da duk abin da na sani game da kasuwancinta da shirunta, kuma har yanzu in mai babbar murya ya shigo a amshi tsigar jikina takan tashi. Na taɓa tambayar mahaifina, bayan na dawo daga makaranta da sabon ilimi, ko ya san sunan wannan waƙa Southern gospel ne. Ya ce, "Kudun ina?" Na ce, "Kudun ƙasar Amurka, Baba." Ya gyaɗa kai ya ci gaba da gyaran igiyar kaset da fensir. Da mai rediyon nan zai nemi shawarata, da na ce ya kira ta waƙoƙin bishara masu murya huɗu na fararen fatar kudun ƙasar Amurka, ko da yake na san ya yi tsawo ga shirin minti talatin. Kaset ɗin uku suna nan a wurina, biyu sun daina aiki, kuma a jikin kowanne Baba ya rubuta da jan biro, "Mutanen nan huɗu".